Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirya Tarukan Fasaha a Arewa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku sannu da ɗawainiya, 'yan'uwana masu shirya mana taruka: na rassan GDG, wato ƙungiyoyin masu haɗa manhaja da ke ƙarƙashin inuwar Google, da ke haɗa taron DevFest duk ƙarshen shekara, da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai a jami'o'i da kwalejojin kimiyya, da masu cibiyoyin fasaha da ke ba mu aron ɗakunansu, da ma'aikatan gwamnati da ake ɗora wa shirya babban taro. Na san yawancinku ba a biyan ku ko sisi. Na san wanda ya kwana uku bai runtsa ba yana neman kujeru, da wadda ta zuba kuɗin aljihunta ta sayi man janareta ranar da mai ɗaukar nauyi ya daina ɗaga waya. Allah Ya saka muku da alheri. Abin da zan faɗa a nan gyara kayanka ne, wanda ba ya zama sauke mu raba.

Ni mai rubuta manhaja ce, haifaffiyar Zariya, aure da aiki suka kawo ni Kano. Shekara tara ke nan ina cin abinci da wannan sana'a, kuma a wani ɗan taro na kama bakin zarenta, ranar wata Asabar, a ɗakin da bai fi cin mutum talatin ba. Na shafe mako uku ina fama da kwamfutata a kan Python, wani harshen rubuta manhaja. Na saka shi, amma duk lokacin da na kira shi sai ta ce ba ta san wannan umarnin ba. Wani bawan Allah da ban taɓa gani ba ya leƙo fuskar kwamfutar, ya ce, "Malama, ai ba ki nuna mata inda za ta same shi ba ne." Cikin minti biyu ya gyara. Sai ya goge gyaran, ya turo mini kwamfutar, ya ce in maimaita da hannuna. Ban sake ganinsa ba har yau, amma duk abin da na samu a wannan aiki da ladansa a ciki. Saboda shi nake zuwa tarukanku har yanzu, kuma saboda shi abin da na gani bara ya tsaya mini a rai.

Ba zan kama sunan taron ko na masu shi ba, domin na ga irinsa a wurare da dama. An rubuta za a fara ƙarfe 9 na safe. Tun kafin 9 kujerun baya sun cika da matasa, da yawansu da jakar kwamfuta a cinya. Kusa da inda muke zaune mu mata akwai wani yaro da bai wuce shekara goma sha tara ba. Ya ce mini daga wani gari a Jigawa ya taso bayan sallar asuba, kwamfutar kuwa ta yayansa ce, aro aka ba shi na kwana ɗaya. Abin da ya kawo shi bitar da aka tallata ce, wadda za a nuna yadda ake haɗa manhajar waya tun daga farko.

Ƙarfe 10 ta yi, mai gabatarwa ya ce a ƙara haƙuri, babban baƙo yana kan hanya. Ƙarfe 11 ta yi, aka sake ba da haƙuri. Sai kusan 12 aka shigo da shi, kowa ya miƙe. Aka gabatar da uban taro da shugaban taro da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowa da jerin muƙamansa. Aka shiga jawaban fatan alheri, kusan duk abu ɗaya suke faɗa: duniya ta koma ta fasaha, matasa su tashi tsaye. Aka miƙa lambobin yabo, aka ɗauki hoto. Babban baƙo ya fita, rabin layin gaba suka bi bayansa. Aka tafi azahar da cin abinci. Da aka dawo sai aka sanar cewa saboda ƙurewar lokaci an rage bitar daga awa biyu zuwa minti 25. Mai koyarwar, wanda na san ya iya aikinsa, bai buɗe wajen rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, ba ma. Hotunan da ya shirya kawai ya bi a guje ta majigi. A lokacin batirin kwamfutar yaron ya riga ya mutu, domin soket huɗu ne kaf a zauren, uku daga ciki na'urorin sauti ke kai. Ƙarfe 4 ya tashi don kada mota ta ƙare masa a tasha. Ya tafi da sitika biyu da takardar shaidar halarta.

Da daddare na ga hotunan taron a Facebook, an rubuta an yi nasara, zaure ya cika maƙil. Gaskiya ne ya cika. Ni dai fuskar yaron nake gani lokacin da yake naɗe wayar cajarsa.

Ina so ku tuna abin da zuwa taro yake ci wa irin wannan yaro a yanzu. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da ake yi wa tanadi. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ba mu manta ƙarshen Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako a duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, daidai lokacin da tarukan ƙarshen shekara ke kankama. Manyan tarukan masu haɗa manhaja kuma yawancinsu a Legas suke. A can aka fara PyCon Nigeria, taron masu amfani da Python, a 2017, a can Open Source Community Africa ta yi bikinta na farko a Fabrairun 2020. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, ga masauki, ga abinci, ga fargabar hanya da iyaye ba za su manta da ita ba tun harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris, 2022. Na ƙetare kuwa, irin PyCon Africa da aka fara a Akra a 2019 ko DjangoCon Africa da aka yi a Zanzibar a 2023, sai wanda ya dace da tallafi. Saboda haka ga yawancin waɗanda ke cika muku zaure, taronku shi ne kaɗai wurin da za su zauna kafaɗa da kafaɗa da wanda ya fi su sani a duk shekara. Yini ɗaya ne tak, kuma amana ne a hannunku.

Na san dalilin da ya sa ake jiran babban baƙo. Shi ya ba da zauren, ko ofishinsa ne ya biya abinci, ko ana sa ran wani abu a gaba. Ban ce a wulaƙanta kowa ba, girmama manya tarbiyyarmu ce. Amma ana iya girmama su ba tare da an yanka rabon yaran ba. Ku fara aiki ƙarfe 9 ɗin da kuka rubuta, ko mutum goma ne a zaure. In baƙo ya iso, a tsaya minti goma sha biyar a karɓe shi, ya yi jawabinsa, a koma aiki. Ko ku mayar da bikin manya zuwa yamma, ya zama rufe taro, ya zo ya tarar da yara sun haɗa wani abu da za a nuna masa. Na tabbata kwamishinan da ya ga yarinya 'yar aji biyu a jami'a tana nuna masa manhajar da ta rubuta da safen nan zai fi tuna ku ranar kasafin kuɗi fiye da wanda aka karanta wa tarihinsa. A babban birnin Beljiyam ana yin wani taro mai suna FOSDEM duk farkon shekara a harabar jami'a. Kyauta ne, ba a ma yin rajista, 'yan sa-kai ne ke gudanar da shi, dubban masu buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke iya duba kod ɗinta ya gyara, ke zuwa daga ko'ina, kuma darajarsa a ɗakunan da ake tattauna aiki take. Ba na cewa mu zama su. Abin da na ɗauka daga gare su shi ne taro yana iya yin nauyi ba tare da doguwar rumfar manya ba.

Sai maganar wuta da intanet, wadda ta fi kowace sauƙin gyara amma ita ce ke kashe bita. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san abin da ke faruwa in mutum tamanin suka fara sauke kayan haɗa manhajar waya irin Android Studio ko Flutter a lokaci guda ta kan na'urar intanet ɗaya. Komai sai ya tsaya cak, mai koyarwa ya yi ta zagaye, awa ta wuce ba a rubuta layi ɗaya ba. Maganin bai kai kuɗin buga allon talla ɗaya ba. A sauke duk abin da ake buƙata tun ana gobe, a zuba a filashi goma, a riƙa miƙawa daga layi zuwa layi. A tura wa waɗanda suka yi rajista jerin abin da za su saka tun mako guda kafin ranar. Masu shirya Django Girls, bitar koya wa mata rubuta kod wadda aka fara a Jamus a 2014, suna da al'adar haɗuwa da yammacin jajibiri don kawai a saka wa kowa kayan aiki a kwamfutarsa, kuma kowane ɗan rukuni yana da mai kula da shi. Shi ya sa washegari da safe aiki suke farawa kai tsaye. Wayoyin jona wuta kuma a lissafa su kamar yadda ake lissafa kujeru. In za a zaɓa tsakanin rigunan rabo da isassun soket da man janareta, don Allah ku zaɓi soket.

Kada kuma ku rubuta "a zo da kwamfuta" ku tsaya nan. Da yawan masu sha'awar nan waya kawai gare su. Ana rubuta Python a Google Colab ta manhajar shiga intanet, ana buɗe Termux a wayar Android a koyi umarnin Linux da Git, manhajar da ke ajiye tarihin gyare-gyaren kod. Ba daɗi, yatsa yana gajiya, amma ana koyo. Ku ware musu layi da mai taimaka musu, ko ku haɗa mai waya da mai kwamfuta su zauna tare.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato harshe. Na sha zama a zauren da kusan kowa Bahaushe ne ko mai jin Hausa, mai jawabi ma haka, amma daga farko har ƙarshe Turanci ake yi, wani lokaci Turancin da shi kansa mai maganar yake wahala da shi. In aka ce akwai mai tambaya sai zaure ya yi tsit. Da an fito waje, sai ka ga an kewaye mutumin ana yi masa ruwan tambayoyi da Hausa, yana ba da amsa mai daɗi wadda ta fi abin da ya faɗa a kan mumbari. Ashe tambayoyin suna nan, tsoron a yi kuskuren Turanci a gaban jama'a ne ya danne su. Na san amsar da za a ba ni: kod da Turanci ake rubuta shi, takardun bayani da Turanci suke, mai neman aiki a waje dole ya iya Turanci. Duk gaskiya ne, ni ma da Turanci nake aiki kullum. Amma sunan abu daban, fahimtarsa daban. Ka bar kalmar yadda take a kod, ka yi bayanin abin da take yi da harshen da yaron yake tunani da shi. Malaman zaure sun daɗe da sanin wannan: ana karanta nassi da Larabci, a fassara shi da Hausa, kuma an fitar da malamai masu Larabcin da ba a raina su a ko'ina. Abin da nake roƙo kaɗan ne. A kowane taro a samu zama ɗaya ko biyu da aka rubuta a jadawali cewa da Hausa za a yi, kuma mai gabatarwa ya faɗa da bakinsa tun da safe cewa duk mai tambaya yana iya yin ta da Hausa, za a fassara wa baƙin da ba sa ji.

Hausar nan ma kanta aiki ce da ke jiran masu fasaha. Mutum nawa ne a cikinmu fom ɗin intanet ya taɓa ƙin karɓar sunansa saboda ɗan waƙafin sama da ke cikin Asma'u ko Mu'azu ko Sa'adatu? Sau nawa ƙ da ɗ da ɓ suke komawa akwatuna a shafi saboda nau'in rubutun da aka zaɓa bai san su ba? In mutum ya rubuta "kasa" a wajen bincike yana nufin "ƙasa", me ya kamata manhaja ta nuna masa? Mu a Najeriya muna rubuta 'y, 'yan'uwanmu na Nijar suna rubuta ƴ, shi kansa waƙafin yana da siffofi fiye da ɗaya a kwamfuta, kowace da lambarta, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa rumbun bayanai ya ɗauki suna ɗaya a matsayin mutum biyu. Ban taɓa jin an yi jawabin minti talatin a kan wannan a wani taronmu ba, alhali kuwa babu wanda zai zo daga waje ya damu da shi kamar mu. Akwai masu bincike na HausaNLP da ke tattara bayanan Hausa don ƙirƙirarriyar basira, akwai Arewa Data Science Academy da ke koyar da matasa, akwai masu rubuta Wikipedia ta Hausa, akwai Common Voice na Mozilla da ke karɓar muryoyin Hausa. Ku gayyace su su zo da aiki a hannu, a zauna a yi awa biyu ana naɗar jimloli ko ana gyara fassara, kowa ya tashi ya san ya ƙara wani abu.

Hausa ce kuma za ta buɗe mana ƙofar maƙwabta. Matashin Maraɗi ko Damagaram da Faransanci ya yi karatu, mu da Turanci, amma in muka haɗu ba ma buƙatar tafinta. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai nisan Kano zuwa Kaduna ba. A Yamai akwai cibiyar CIPMEN da ta daɗe tana renon ƙananan kamfanoni. Duk da wahalar da iyaka ta shiga tun 2023, gayyatar mutum biyu daga can su yi jawabi, ko ta bidiyo ne, abu ne mai yiwuwa.

Game da masu jawabi, ina ganin fuskoki ɗaya suna zagaye daga wannan taro zuwa wancan, da jawabi ɗaya: yadda za ka samu aikin dala daga ɗakinka, yadda za ka gina sunanka a LinkedIn. Neman halal ba laifi ba ne, kuma yaranmu suna buƙatar kuɗin. Amma in aka cika wa mai koyo kunne da labarin dala kafin ya iya gano dalilin da ya sa manhajarsa ke faɗuwa, wata shida zai yi ya karaya, ya ce ƙarya ake yi. Wanda nake marmarin ji shi ne mutumin da ya shekara biyar yana riƙe da manhajar wani asibiti ko makaranta, ya gaya mana ranar da rumbun bayanai ya lalace da yadda ya dawo da shi, da abin da ya daina yi tun daga ranar. Irin waɗannan ba sa cika fom ɗin neman yin jawabi. Ba su saba ba, wasu ma suna ganin abin da suke yi bai kai a faɗa ba. Sai kun bi su har ofis, kun zauna da su, kun taimaka musu shirya jawabin.

Ku kuma leƙa wajen da'irarmu. A kasuwar waya ta Farm Centre akwai samarin da ke ɗaga ƙaramin guntu daga allon waya su mayar da wani a ƙarƙashin madubi, ba digiri, ba takarda. Sun san cikin wayar da muke rubuta wa manhaja fiye da mu, amma ban taɓa ganin an ba ɗayansu makirufo ba. A Kantin Kwari da Singa da Dawanau ana juya dukiya mai yawa da littafin bashi da amana da saƙon murya na WhatsApp. Ɗan kasuwar Dawanau da tiya da buhu yake lissafi, yana ba da kaya yau a biya bayan kasuwa ta ci, kuma ya ga abin da ya faru a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace, tura kuɗi ta waya kuma ya riƙa maƙalewa. Ku kawo shi ya zauna a gaban masu haɗa manhaja ya faɗi yadda yininsa yake tafiya, mu yi shiru mu saurara. Haka ma wanda ya yi aiki a Zamfara a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, sannan aka rufe na wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wannan mutumin ya san dalilin da ya sa manhajar da za ta yi aiki a nan dole ta iya ajiye bayani a waya ta jira sai layi ya dawo. Darasi ne da ba za a koya mana a taron Legas ba, domin ba su ɗanɗana shi kamar mu ba.

Bari in yi magana a matsayina na mace. Kuna yawan cewa kun buɗe rajista ga kowa amma mata ba sa zuwa. Ku tambaye mu dalili. Yarinyar da ke gaban iyayenta sai ta nemi izini, kuma "taron kwamfuta" ba amsa ba ce da za ta gamsar da uba. Ku tanadi takardar gayyata mai ɗauke da wuri da lokacin farawa da na tashi da lambar wata mace daga cikin masu shiryawa, wadda za a iya nuna wa Baba ko maigida. Ku tashi a kan lokaci, domin in kun ja taro har magariba, ita ce za ta sha faɗa a gida, kuma ba za a sake barin ta ba. Shi ya sa jiran babban baƙo ya fi cutar da mu: abin da aka tura yamma, an tura shi lokacin da muka riga muka tafi. A samu wurin alwala da salla na mata wanda yake a killace, a sa lokacin salla a cikin jadawali yadda ba za a ci gaba da darasi a bayanmu ba. Na taɓa zuwa taro da goyo, na ƙare a baranda ina jiyo jawabi ta taga, domin babu ko ɗan ɗakin da zan shayar da ita. Ɗaki ɗaya da tabarma da fanka ya isa.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Ana zuba lambobin duk mahalarta a zauren WhatsApp, kafin dare wasu sun tsinci lambobin 'yan mata sun fara "salam, na gan ki a taro". Na san waɗanda suka daina zuwa saboda wannan kaɗai. Ku rubuta ƙa'idar zama, ku karanta ta da safe da Hausa da Turanci, ku nuna mace ɗaya da namiji ɗaya da za a kai wa ƙara, kuma in an kawo ƙarar ku ɗauki mataki ko abokinku ne. Kada kuma a tara mata a zama ɗaya mai taken mata a fasaha a ce an gama da su. Maryam Lawan Gwadabe ta kafa Blue Sapphire Hub a Kano, Aisha Tofa tana cikin waɗanda suka assasa Startup Kano, kuma a bayansu akwai mata da yawa da ke rubuta kod kullum. Ku ba su zaman koyar da tsaron manhaja ko sarrafa bayanai, maza su zauna su koya.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu mahalarta muna da namu. Muna rajista mutum ɗari biyar, ɗari biyu su zo, a yi asarar abinci. Wasu riga da takardar shaida suke zuwa karɓa. Wasunmu da suka ɗan samu aiki sun daina zuwa gaba ɗaya, ko su zo su zauna a gaba suna danna waya, ba sa juyawa su ga wanda ke bayansu yana fama. Wannan na ƙarshen ya shafe ni, kuma na ƙudura gyarawa.

Babban abin da nake so ku duba shi ne washegarin taro. Ana kashe wata uku da kuɗi masu yawa a kan yini ɗaya, sannan a yi shiru sai baɗi. Hausawa suna kiran irin wannan taron tsintsiya ba shara. Abin da ya mayar da ni mai sana'a zaman mutum talatin ne, kuma na lura cibiyoyin da suka yi tasiri, irin CoLab a Kaduna da nHub a Jos, ƙarfinsu yana ga ƙofar da take buɗe kullum, inda mai koyo ya san in ya zo zai tarar da wani. Shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3 ya fito da matasa da yawa a jihohinmu da suka ɗanɗana, suke neman inda za su ci gaba. Ku rage girman taron shekara, ku raba abin da ya saura zuwa zaman Asabar ɗaya a kowane wata, a aji ɗaya da aka sani, ko mutum goma sha biyar ne. Ku fitar da shi daga babban birni lokaci-lokaci, ya je Wudil da Funtuwa da Haɗeja da Azare. A manyan tarukan Python akwai al'adar ƙara kwanaki bayan an gama jawabai, a zauna rukuni-rukuni ana gyara buɗaɗɗiyar manhaja tare da masu kula da ita, kuma a nan mutane da yawa suke tura gyaransu na farko a GitHub, shafin da ake ajiye kod. Ko rabin yini muka ware wa wannan, zai canza abin da yaro zai nuna in ya je neman aiki. Jawaban kuma a naɗe su, ko da waya ce a kan sanda, a matse su su yi ƙanƙanta yadda za a iya turawa ta WhatsApp ba tare da sun cinye datar mutum ba.

In kun zo rubuta rahoto ga masu ɗaukar nauyi, bayan adadin waɗanda suka halarta, ku ƙara wasu lambobin: mutum nawa ne abin da suka rubuta ya yi aiki kafin su tashi, nawa ne suka dawo zaman wata mai zuwa, mata nawa ne suka kai ƙarshen yini. Masu ba da kuɗin ma za su fi gane inda kuɗinsu ya shiga.

Shi yaron Jigawa na karɓi lambar yayansa kafin ya tafi. Muna magana duk ranar Lahadi da yamma, yana turo hoton kuskuren da ya ci karo da shi, ni kuma ina mayar masa da saƙon murya. Yanzu yana haɗa 'yar manhajar rubuta bashi don shagon mahaifinsa, kuma ya tambaye ni ko akwai taro a bana. Na ce masa akwai, in sha Allahu.

Duk wanda ke shirya na gaba a Kano ko kewaye, ga abin da zan kawo: wayoyin jona wuta goma, filashi goma da na riga na zuba wa kayan aiki, da zaman awa biyu da Hausa a kan Git ga waɗanda ba su taɓa taɓa shi ba. Sharaɗina ɗaya ne, a sa zaman ƙarfe 9 na safe, kuma a fara shi ƙarfe 9.

Wassalamu alaikum.

'Yar'uwarku a sana'a,
daga Kano.